Donna Nook ko Horsey: ina za a kai yara kallon sil?

Yaya, kin tambaya wanne ya fi tsakanin Donna Nook da Horsey, wurare biyu a gaɓar tekun Ingila, tunda kina son kai yara da Hajiya su ga 'ya'yan sil a hunturun nan. Na je duka biyun. Ga wanda bai san dabbar ba, jikinta kamar na ayu ne, fuska kuma kamar ta kare, kuma da sanyi take fitowa tudu ta haihu.

In da Hajiya za a je, Donna Nook ne, a gaɓar Lincolnshire. Daga inda za ki ajiye mota zuwa shingen kallo tafiya kaɗan ce, kuma ƙasar a shimfiɗe take. Dabbobin kan zo har gindin shingen su kwanta. Na tsaya kan wani jariri, fari sol kamar auduga, idanu baƙaƙe suna ta hawaye, yana kuka sak ɗan mutum. Har ƙarar tsotsonsa nake ji. Ana haihuwarsu da nauyin kilo 14 ko kusa da haka, amma nonon uwar fiye da rabinsa kitse ne, shi ya sa ɗan ke ƙara kusan kilo 2 kullum. Mako uku bai cika ba uwar ta yaye shi ta koma teku, ita kuwa duk kwanakin nan ba ta sa komai a baki ba. A wasu shekarun fiye da 2,000 aka haifa a wurin. Abin dariyar, filin na sojan saman Birtaniya ne, inda jirage ke atisayen jefa bam, dabbobin ko a jikinsu.

Matsalarsa biyu: cunkoso ranar Asabar da Lahadi, sai kuma gajeren lokaci. Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ne ganiyarsa. Bayan Kirsimeti kusan fili za ki tarar.

Horsey kuwa, a Norfolk arewa da Great Yarmouth, tafiya ce ta gaske. Za ki bi bayan tudun yashi, ki hau matakala, sannan ki hango su daga sama, birjik a bakin ruwa iya ganinki, manyan mazan suna ta kokawa. Ya fi kyan gani, ban musa ba, kuma akan same su har cikin Janairu. Amma keken jariri da yashi ba sa shiri, ga iskar tekun nan mai shiga ƙashi. Gwiwar Hajiya ba za ta gode miki ba. Wani lokaci kuma ki ci karo da ɗan sil kwance a kan hanya. Masu aikin sa-kai na wurin za su ce ki ba shi tazarar mita 10. Ki riƙe hannun yara sosai, don dabbobin suna cizo, kuma in aka firgita uwa tana iya gudu ta bar ɗanta.

Ko wanne kika zaɓa, ku fita da sassafe. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar kusan a manne suke. Ku yi alwala tun daga gida, ki sa darduma a mota da fulas ɗin shayi mai citta. Takalmi kuma na roba mai dogon wuya, taɓo ba ya ragawa kowa.