Hattara da masu sayar da "IP daban-daban" wai don Google ya ɗaga shafinka

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Naira dubu 180 wani mutum ya karɓe min da sunan zai kai website ɗina shafin farko na Google. Dubu 180 fa. Shadda da atamfa nake sayarwa ta intanet, duk wanda ke harkar nan ya san turmi nawa za ka fitar kafin ka ga ribar dubu 180.

A wani guruf na WhatsApp na masu website na san shi, kullum shi ke amsa tambayoyin mutane, ba ya gajiya. Saƙon murya ya turo min kan IP, wato lambar adireshin da shafi yake kai a intanet, har yanzu ina da shi, na saurara na sake saurara: "Alhaji ba kayanka ne matsala ba, IP ɗinka ne, kai da ɗaruruwan shafuka kuna kan IP ɗaya kamar 'yan gidan haya, shi ya sa Google ba ya ganin ƙimarka." Ya ce zai buɗe min ƙananan shafuka 20, kowanne da nasa IP na Class C (wani rukuni ne na adireshin IP), duk su riƙa turo linki zuwa nawa, Google zai ɗauka mutum 20 daban-daban ne ke yaba ni. Yadda ya ce "Alhaji" ɗin nan a natse, ba gaggawa, har da cewa in yi shawara tukuna, nan ne ya samu zuciyata.

Kuma kar wani ya zo min da wai ban bincika ba. Na bincika. Na duba IP ɗina da kaina na ga lallai akwai wasu shafukan a kai, maganarsa ta fito daidai, mutum biyu a guruf ɗin suka ce ya yi musu aiki, ya kira ni ta bidiyo ya nuna min dashbod. Me kuma ya rage mai hankali ya yi? Au, kafin nan ma ya karɓi dubu 30 wai na duba lafiyar shafi, wannan ba ya cikin dubu 180 ɗin, daban yake.

Ƙanin matata ne da ke aikin netwok ya tona asirin. Ya ce Yaya kawo jerin shafukan in gani, bai daɗe ba ya juyo min da laftof, duka 20 ɗin suna kan saba ɗaya mai araha, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka, rubutun ciki kuwa Turanci ne da aka kwafo kan maganin ƙiba da inshorar mota. Ina haɗin wannan da shadda? Ya ce shi kansa rabon Class A, B, C ɗin tun 1993 aka bar shi aka koma wani tsarin rabon IP da ake kira CIDR, 'yan talla ne kawai suka riƙe sunan. Ya ce adireshin IP irin wanda aka saba amfani da shi, wato IPv4, gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, tun 2011 babbar ma'ajiyarsu ta ƙare, don haka zama kan IP ɗaya da wasu abu ne na kullum, shafuka marasa adadi haka suke a bayan Cloudflare, kamfanin da ke kare shafuka. John Mueller na Google ya sha faɗin cewa haɗa IP da wasu ba ya sauke shafi. Kai ko da ya ba ni IP 20 ɗin na gaske, wannan haɗa shafukan bogi don linki shi ne PBN, a 2014 Google ya bi irinsu ya hukunta.

Dama tun kafin zuwan yaron saƙo ya shigo min a Search Console, inda Google ke ba mai website rahoton shafinsa, kan linkin da ba na gaskiya ba, na tura wa mutumin, ya ce "Alhaji alamar aiki ya fara ci ne", ya nemi ƙarin dubu 45 na sabuntawa. Ban ba shi ba. Da na ce ya dawo min da dubu 180 ɗina sai ya yi bulokin ɗina, mutum biyun nan da suka yabe shi su ma suka fice daga guruf rana ɗaya. Yanzu ga kuɗi sun tafi ga aikin cire linkinsa ya hau kaina.

Duk wanda ya ce maka IP zai ɗaga ka a Google kar ka tura masa ko sisi. Sikirinshot na hirarmu da rasit ɗin tiransfa da saƙon muryar zan ɗora su da daddare, kuma admin ɗin guruf ɗin nan ina jiran ka ɗaga wayata.