Awon ido kafin aikin yana: na'ura biyu aka gwada min, ga yadda na gansu

An yi min aikin yana a ido biyun duka, kuma gaskiya ina so masu shirin yi su ɗauki awon da ake yi kafin aikin da muhimmanci. Idan likita ya cire yanar wani ɗan lens na roba yake sakawa a gurbinta, ƙarfin lens ɗin kuma daga awon nan ake lissafo shi, wato tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya da lanƙwasar gaban idon. Tsawon ƙwayar idon babban mutum yawanci milimita 23 zuwa 24 ne, to kuskuren milimita 1 kacal zai iya kautar da gani da wajen lambar tabarau 2.5 zuwa 3, aiki ya yi kyau amma mutum ya ƙare da tabarau mai kauri.

Idona na hagu yanar ta riga ta yi kauri sosai, na'urar da ke awo da haske ta kasa ratsa ta sai aka koma ta ultrasound, mai awo da sauti. Aka ɗiga min maganin kashe zafi, ma'aikaciyar ta ɗora wani ɗan abu kamar bakin biro a kan idon, ba zafi ko kaɗan amma wallahi tsayar da ido waje ɗaya ana taɓa shi ba wasa ba ne, sai da ta yi ta maimaitawa, ta ce idan aka danne idon ko yaya ne awon gajere zai fito. Idon ya washe Alhamdulillah, sai dai nesa tana ɗan yi min dishi-dishi sai na sa tabarau.

Na dama kuwa da na'urar hasken, wato IOLMaster, aka auna. Haɓa kawai na ɗora na kalli ɗigon haske, ba abin da ya taɓa ni, kafin in gyara zama an gama. Da idon nan nake hango rubutu daga nesa tar, tabarau sai wajen karatu, wannan kuma dama an faɗa min.

Ban raina ultrasound ba fa, ita ce ta fitar da ni lokacin da ɗayar ta gaza, amma ingancinta ya rataya ne a hannun mai aunawa. Don haka masu cewa a bari yana ta nuna tukuna, don Allah a tambayi likita da wuri, kafin ta yi kaurin da zai tare na'urar haske. Idan idonka na bushewa ko kana sa lens na mannawa ka faɗa kafin ranar awo, dukansu suna taɓa lissafin.