Zaɓen Na'urar Shanye Bugu ta Mahaɗar Taragon Jirgin Ƙasa: Abin da Mai Saye Zai Duba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da ake haɗa taragai ya san ƙarar da ke tashi idan tarago mai kaya ya gangaro ya sami ɗan'uwansa a tsaye. Ido yana ganin ƙugiyoyin nan biyu suna cafkar juna, amma abin da ke karɓar nauyin karon yana ɓoye a bayansu, cikin wani gurbi a tsakiyar ƙashin taragon, inda wata karkiyar ƙarfe ta rungume shi. Wannan ita ce na'urar shanye bugu, kuma tana aiki ne ta fuska biyu: tana matsewa idan taragai suka turo juna, tana kuma matsewa idan kan jirgi ya fizgi jerin. Idan ta mutu, bugun yakan zarce kai tsaye zuwa jikin taragon da kayan da ke ciki, kuma sau da yawa ba a farga sai an ga tsaga a ƙarfe.

Lissafin da ya kamata mai saye ya riƙe ba mai wuya ba ne. Idan tarago mai nauyin tan 100 ya bugi wani irinsa da ke tsaye yana tafiyar kilomita 6 a awa, ƙarfin da za a shanye ya kai kusan kilojul 70. Idan gudun ya ninka zuwa kilomita 12, ƙarfin yakan ninka har sau huɗu, wato kusan kilojul 280. Dalili ke nan da ya sa a Amurka ake gargaɗin ma'aikata kada gudun haɗawa ya wuce mil 4 a awa, kuma duk wanda ya yi aiki a irin wannan fili ya san ba kullum ake kiyaye wannan iyaka ba. Saboda haka ina ba da shawarar a sayi na'ura daidai da yadda ake haɗa taragai a zahiri, ko da takardar ƙa'ida ta nuna gudun da bai kai haka ba.

Kafin a shiga gardamar wacce irin na'ura ta fi, sai an tabbatar da tsarin mahaɗar. Taragai masu ƙugiya irin ta Janney, wadda Eli Janney ya yi wa rajista a 1873, suna bin ƙa'idojin ƙungiyar layukan dogo ta Amurka, AAR. Gurbin da aka saba da shi a can tsawonsa inci 24 da biyar bisa takwas ne, kimanin milimita 625, kuma ƙa'idar M-901E ta nemi na'ura ta iya shanye abin da ya kai kusan kilojul 49 a gwajin sakin guduma. Ƙasashen da suka gaji mahaɗar SA-3 daga tsohuwar Tarayyar Sobiyat suna da rukunansu, T1 da T2 da T3, masu neman aƙalla kilojul 70 da 100 da 140. A yawancin Turai kuwa, inda har yanzu ake ɗaure taragan kaya da ƙugiya mai sukuru, matokarai biyu na gefe ne ke karɓar turi, kuma rukunansu A da B da C suna ɗaukar kilojul 30 da 50 da 70. Bai dace a jera waɗannan alƙaluma gefe da gefe a ce wannan ya fi wancan ba, domin hanyar gwajin kowane tsari daban take.

Idan aka zo ga ire-iren na'urar, sifirin ƙarfe zalla ba abin ɓata lokaci a kansa ba ne, domin yana ajiye ƙarfin bugun ne kawai ya mayar da kusan dukkansa, sai taragai su riƙa tsalle gaba da baya. Mai fallayen roba zalla tana da taushi a ƙananan bugu, amma roba tana taurara a sanyi, tana kuma tsufa ta lotse a zafi.

Wadda na fi amincewa da ita ga taragan kaya na yau da kullum ita ce mai gogayya wadda aka tokare da sifirin na polima, wato wani haɗin masana'anta mai kama da roba mai tauri. Asalin dabarar tsohuwa ce, tun George Westinghouse ya yi rajistar na'ura mai gogayya a 1888. Idan bugu ya zo, yakan tura wani weji cikin tukunyar ƙarfe, wejin ya buɗa takalman ƙarfe su danni bangon tukunyar, suna zamewa da ƙyar, ta haka ƙarfin bugun yake komawa zafi ya watse. Sifirin da ke ƙasa yana da aiki biyu: shi ke ƙayyade yadda takalman ke danna bango, kuma shi ke mayar da komai wurinsa idan bugun ya wuce. A nan ne polima ta yi wa sifirin ƙarfe fintinkau, domin a cikin ɗan gurbin nan tana ɗaukar ƙarfi mai yawa, tana shanye wani ɓangare da kanta, ba ta tsatsa, kuma ba ta karyewa farat ɗaya kamar yadda murɗaɗɗen ƙarfe yake yi idan ya gaji. Kamfanin Miner, wanda aka kafa tun 1894, ya shahara da irin wannan haɗi ta hanyar fallayensa na TecsPak, akwai kuma wasu masana'antu masu yin makamancinsa.

Abin da ya fi jan hankalina game da ita shi ne yadda take tsufa a fili. Babu mai a cikinta balle ya tsiyaye, kuma lalacewarta tana zuwa sannu a hankali ta hanyar cinyewar takalma da bango, abin da ma'aikaci mai fitila da ma'auni zai iya ganowa daga ratar da ta bayyana tsakanin na'urar da farantin gabanta. Tana da aibinta: tafiyarta gajeriya ce, kimanin milimita 83 a tsarin AAR, kuma yanayin saman ƙarfen yana canza halinta, har wani lokaci ta cije.

Wannan gajeriyar tafiya ce ta sa dole in yi adalci ga na'urar da ke shanye bugu ta hanyar matsa mai a cikinta. Irin wadda ake sa wa a ƙarshen tarago a Amurka tana tafiyar inci 10 ko 15, kuma ga kaya masu saurin lalacewa kamar motoci da naɗin takarda babu kamarta wajen tausasa karo. Sai dai doguwar tafiyar tana ƙara wasa a jerin jirgi mai tsawo, kuma ranar da zoben da ke hana yoyo ya gaza, aikinta ya ragu ƙwarai alhali daga waje tana nan kamar lafiya lau. Wata irin kuma, wadda ke da ruwan silikon mai kauri a cikinta, ta dace da tankokin kaya masu haɗari, inda doka ke neman rukuni mafi girma.

Duk wannan kwatance ba shi da amfani idan abin da aka kawo maka jabu ne, kuma a nan ne aka taɓa cutata. An kawo mana wasu na'urori da sunan an sabunta su, fentinsu yana sheƙi, takardunsu kuma a cike. Ba a yi wata shida ba muka fara samun tsaga a matokaran ƙarfe na cikin gurbin wasu taragai. Da muka sauke guda muka buɗe a kan injin matsewa, sai muka tarar bangon tukunyar ya cinye, an yi masa ciko da walda, an kuma haɗa sifirin da ba tsawonsu ɗaya ba. Na'urar ta cije a matse, ta zama dunƙulen ƙarfe kawai, taragan kuwa suna ta shan bugu tsirara. Tun daga lokacin, tambayata ta farko ga mai sayarwa ita ce wa ya buɗe na'urar nan, kuma a kan wane inji aka gwada ta.

Maguɗin yana da alamomi ga mai lura. Sunan masana'anta da samfuri da kwanan ƙira galibi a jikin tukunyar ake zuba su ko a buga su, saboda haka duk wurin da ka ga an goge da dutsen niƙa, ko aka liƙa sabon allo a kan tsohon rubutu, ka dakata. Fenti mai kauri a bakin tukunya da kusurwoyinta yakan ɓoye tsaga ko walda, don haka ka nemi a kankare maka shi a kan guda biyu ko uku da kai ka zaɓa da hannunka. Giris a saman takalman gogayya babban laifi ne, domin yana kashe gogayyar da ita ce dukan aikin, kuma wasu suna shafa shi ne don na'urar da ke cijewa ta yi motsi a gaban mai saye. Fallayen polima su ma ana kwaikwayonsu da roba mai arha mai kama da su a launi da siffa, wadda ke lotsewa bayan 'yan bugu kaɗan. Takardar shaida ɗaya da aka yi wa hoto aka raba wa kaya ɗari ba shaida ba ce. Dole lambar da ke kan takarda ta dace da wadda ke jikin kowace na'ura, kuma masana'antar ko wakilinta na halal su tabbatar da lambar a rubuce. Sabuntawa ba laifi ba ce idan wurin da ya yi ta yana da izini kuma ya sa tambarinsa da kwanan wata.

Ranar karɓar kaya, a auna tsawon kowace na'ura, tare da sanin cewa sababbi sukan zo a ɗan matse da gangan don su shiga gurbi, sai bugun farko ya sake su. Kada a bar kowa ya buɗe ta da guduma ko wutar yanka, domin sifirin da ke ciki a danne yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za a ɗebi samfuri daga kayan a kai gwaji kafin a biya ragowar kuɗi, sannan a sake duba ratar kowace na'ura bayan watannin farko na aiki.