Ƙwallayen Henselite huɗu da na tsinta a Kasuwar Barci

Rigar sanyi na je nema a Kasuwar Barci, na dawo gida da jaka mai nauyin tsiya. Yaron shagon ya ce cikin kayan gwanjo ta zo, shi duk a zatonsa duwatsun motsa jiki ne. "Baba, kawo abin da ya sauwaƙa, sun tare min wuri." Da na zuge na ga baƙaƙen ƙwallaye huɗu da tambarin Henselite, sai na haɗe rai don kada ya ga murnata ya ƙara kuɗi.

Na wasan bols ne, wanda ake garawa a kan ciyawa, kowa na neman tasa ta fi kusa da wata ƙaramar farar ƙwallo. Tun da na yi ritaya daga koyarwa nake kallonsa a YouTube, kuma David Bryant ne ya ja ni. Mutumin Ingila ne, shi ma tsohon malamin makaranta, kullum da lofe a baki kamar ba gasa yake ba. Zinare huɗu ya ci shi kaɗai a wasannin ƙasashe rainon Ingila: a birnin Perth na Ostareliya a 1962, a Edinbara a 1970, sai 1974 da 1978. Kambun duniya kuwa sau uku, 1966 da 1980 da 1988, na ƙarshen yana da shekara 56. Wannan shekarun ne suka sa na ce ashe ban makara ba.

To, kayan. Aiki ya yi kyau, gaskiya. Kamfanin na Melbon ne a Ostareliya, kuma duk tsufansu babu tsaga ko ɗaya, sai ƙananan ƙarzuna da man shafawa ya ɓoye. Kowace ta kusa kilo ɗaya da rabi, ta cika min hannu har ta so ta fi ƙarfina. Abin da ya fi burge ni shi ne karkatarsu. Da na ɗauka dalma aka cusa a gefe guda, ashe sassaƙar ce ba daidai ba. In ka gara, sai ta miƙe, tana rage gudu tana lanƙwasowa wajen gefen da ke da ƙaramin zobe. Ranar farko na riƙe ta a juye, ta bar hanya ta nufi tukunyar Hajiya. Har yau ana min gori.

Matsalar ƙasa ce. Filin gaske yana kai mita 31 zuwa 40, a shafe kamar faranti. Tsakar gidana a Barnawa siminti ne, yana cin jikinsu, filin ƙwallon unguwa kuma da hunturu duk burji da kunya-kunya, sai ka ga ƙwallo na tsalle kamar ɗan akuya, karkatar ta ɓace. Dole na sayi tsohuwar darduma doguwa na shimfiɗa a baranda, nan ne suka ɗan nuna halinsu.

Wanda bai da shimfiɗaɗɗen wuri ya riƙe kuɗinsa. Mai shi kuma ya duba lamba da tambarin kowace, huɗun su zo iri ɗaya, ya gwada a tafinsa kafin ya biya. Jakata ba ta zo da farar ƙwallon ba, da lemon tsami muke maleji ni da jikana, shi kuma ya riga ya fara cinye ni.