Gidan tausa a Yantala: abin da masu doguwar jinya za su tarar

A unguwar Yantala ta birnin Yamai akwai wani ƙaramin gidan tausa da nake kai mahaifiyata, wadda ta daɗe tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa. Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin matar da ke aikin ta taɓa ta, sai da ta karanta takardun likita, ta auna hawan jininta, sannan ta duba tsakanin yatsun ƙafarta ko akwai rauni, domin mai ciwon suga yakan ji ciwo a ƙafa bai sani ba. Da man kaɗanya take aiki, a hankali, tana tambaya: "Hajiya, nan da zafi?" Ta kuma gaya mana cewa ba ta tausa ƙafar da ta kumbura farat ɗaya, saboda tsoron gudan jini a jijiya.

Hajiya tana samun barci sosai bayan kowane zuwa, gwiwar ma ta ɗan saki, amma ba wanda ya ce ta bar shan maganinta. Maza suna da ɗakinsu dabam. Aibin wurin shi ne jira, kuma idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu, ɗakin ba ya zaunuwa.