Rediyon Tecsun PL-330 ga mai bin labarin fagen daga: inda ya yi ƙoƙari da inda ya gaza

Duk ranar da labari ya zo cewa an kai wa sojojinmu hari a yankin Tilaberi ko a bakin Komadugu, gardama iri ɗaya ce ke tashi a fadojin Zango da Birni da Garin Malam: mutum nawa suka rasu, wa ya faɗa, kuma wannan yaƙin ya kai a zubar masa da jini haka? Masu wannan gardama da hujjarsu. Damagaram ce cibiyar yankin tsaro na uku, hanyar Difa ta nan ta ratsa, kuma da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗa cikin kaki. Abin damuwar shi ne yawancinsu saƙon murya na WhatsApp suke kafa hujja da shi, saƙon da ba a san bakin da ya fito ba. Wannan ne ya dawo wa rediyon gajeren zango da darajarsa, kuma cikin ƙananan da ake samu yanzu, Tecsun PL-330 ya cancanci a zauna a duba shi da kyau.

Mai rediyon FM kaɗai a hannun tashoshin gari yake. Muryar Sahel da Anfani da shirye-shiryen Studio Kalangou suna shiga tsaf, amma tashar waje sai in wata ta gida ta ɗauko ta. An dakatar da RFI a Nijar ranar 3 ga Agustan 2023. A Disamban 2024 an dakatar da BBC na wata uku, bayan ta ba da labarin cewa sojoji kusan 90 sun rasu a wani hari a yankin Tera, labarin da hukumomi suka ƙaryata suka ce yana karya gwiwar askarawa. Muryar Amurka kuwa daga can gida aka rufe mata baki a Maris na 2025. Gajeren zango bai bi ta kan eriyar kowa a cikin gari ba: daga wurare irin su tsibirin Ascension ko Issoudun ta Faransa ake harbo shi, ya bugi saman sararin samaniya ya faɗo mana. Ba ya cin data, kuma ba ruwansa da ko akwai rezo.

Rediyon ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, yana shiga aljihun riga. Abin da ya fi komai dacewa da mu a jikinsa shi ne batirin. BL-5C yake ɗauka, wato batirin tsohuwar Nokia da kowane mai gyaran waya a Kasuwar Dole ya sani. Da kebul ɗin USB ake cajinsa, ko daga ɗan ƙaramin sola ko fawabank. Wanda ya tuna yadda gari ya kwana cikin duhu lokacin da Najeriya ta katse wuta a Agustan 2023 ya san amfanin wannan. A sayi batiri biyu, ɗaya a ciki ɗaya a ajiye. Sai dai jabu sun yi yawa: wanda aka rubuta wa lambar ƙarfi mai yawan gaske alhali bai da nauyi a hannu, a bar shi. Na asali wajen 1000 mAh yake. In aka ga murfin baya ya fara ɗagowa, batirin ya kumbura ke nan, zafi ne ya yi masa illa, a cire shi nan take. Kada a bar rediyon a kan tabarma cikin ranar bazara ko a cikin akwatin babur.

Yana kama FM, da matsakaicin zango, da dogon zango, da gajeren zango tun daga 1711 har 29999 kHz ba tare da giɓi ba. Nan ya bar ƙananan rediyoyin allura a baya, waɗanda sai ka yi ta murzawa kana lalube, kuma tashar ta zame da zarar akwatin ya yi ɗumi. A PL-330 lambar tashar kake bugawa a maɓallai, ta zauna daram.

Kafin komai a saita agogo daidai. Dalili kuwa, akwai maɓallin ETM: in aka danna aka riƙe, rediyon zai bi zangon gaba ɗaya ya tara tashoshin da ke magana a wannan sa'ar, ya ajiye su a ƙarƙashin sa'ar. Gobe war haka ana danna ETM za a tarar da su. In agogon ya karkace, abin da aka tara da safe zai fito da rana, mutum ya yi zaton rediyon ya lalace. Bayan agogo sai tazarar matsakaicin zango: a sa ta a 9 kHz, don ita ake amfani da ita a Afirka. In tana kan 10, tashoshin Najeriya da ke shigowa da dare za su riƙa fitowa a shaƙe. Sannan a tuna jadawalin tashoshin waje da agogon GMT ake rubuta shi, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya, don haka 19:30 a takarda ƙarfe 8:30 na dare ne a Damagaram. Suna kuma canja mitoci sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mutane da yawa a wannan lokacin suke kai rediyo wurin gyara alhali lafiyarsa ƙalau, sake danna ETM kawai yake so.

Da rana a nemi manyan lambobi: mita 19 (15100 zuwa 15800 kHz) da mita 16 (17480 zuwa 17900). Da asuba da bayan magariba a sauko mita 25, 31 da 41, wato kewayen 11800, 9600 da 7300. Dattijon da ya saba da lissafin mita ba sai ya ruɗe ba, a raba 300,000 da lambar kHz, abin da ya fito shi ne mitar. Masu jin Barbarci su nemi Radio Ndarason, wadda ke watsa wa yankin Tafkin Cadi shiri, don takan kawo bayanin ƙauyukan da manyan tashoshi ba su ko san sunansu ba.

Babban abokin gabar wannan rediyo a cikin gida yake. Ƙwan lantarki na LED mai arha, cajar waya, inbata da akwatin sarrafa cajin sola duk suna fitar da ƙara da ke binne gajeren zango. Shi ya sa za ka ga ranar da Nijelek ta ɗauke wuta ranar ce tashoshi ke fitowa tas. Allon rediyon yana nuna lambobi biyu, ƙarfin sigina da tsabtarta. In ta farko ta yi sama amma ta biyu tana ƙasa, ƙara ce ta cika wurin, a kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Kada a saurara ana caji. Rufin kwano ma yana tare sigina, a fita tsakar gida. In eriyar jikinsa ta gaza, akwai ramin eriyar waje a gefe: a sa waya mai rufi mai tsawon mita 5 zuwa 7, a ɗaure ta a reshen dogon yaro nesa da wayar wuta. Fin haka ba ƙari ba ne, ɗan rediyon ƙoshi yake yi, sai tashoshi su hau kan juna, ka ji FM ta gari a inda ba wurinta ba. Da damina kuwa, da an ga hadari ya haɗo a cire wayar. In wata tasha tana kutsowa daga gefe, a rage faɗin kamu daga 5 zuwa 3.5 ko 2.5 kHz. Muryar za ta ɗan dushe amma kalmomi za su fito, kuma a labarin adadin mamata bambancin "sha tara" da "tamanin da tara" shi ne komai.

Aibobinsa ba ɓoyayyu ba ne. Lasifikar ƙarama ce, ta ishi mutum uku ko huɗu a zaure, ba ta isa fadar mutum goma sha biyar a bakin titi ba sai an jona ta da wata ta ramin abin kunne. Ba shi da madogara a baya, iska kaɗan ta kayar da shi, kuma eriya ce ke fara karyewa. Maɓallan ƙanana ne, rubutunsu da Turanci, mai raunin gani zai sha wuya. Ba ya ɗaukar katin memori, ba shi da tocila, don haka mai neman abin jin wa'azi da waƙa ya nemi wani. Akwai SYNC da aka yi don rage dusashewar murya, amma sau da yawa rage daɗin sautin yake yi, gara a bar shi a kashe. Ƙurar hunturu kuma tana shiga abin murzawa har lambobi su riƙa tsalle, a riƙa sa shi cikin jaka.

To, an kama tashoshi, sai yaya? Harin Cinagodar na 9 ga Janairun 2020 ya isa darasi. Sanarwar farko ta ce sojoji 25 ne suka rasu. Bayan 'yan kwanaki gwamnati da kanta ta ce 89 ne, aka yi makoki na kwana uku, aka canja babban hafsan sojoji, Janar Salifou Modi ya hau. Wata guda kafin nan, ranar 10 ga Disamban 2019, an rasa 71 a Inates. Adadi yana motsi saboda dalilai sanannu. Na farko na wucin gadi ne, ana ba da shi kafin a gama bincike a daji. Akwai waɗanda suka ji rauni su cika daga baya a asibiti. Akwai waɗanda suka ɓace, wasu su dawo da ƙafarsu bayan kwana biyu, wasu a tsinci gawarsu. Hukuma tana jinkiri don a fara sanar da iyalai, wani lokaci kuma don kada gwiwa ta yi sanyi. Tashoshin waje sukan dogara da "majiyar tsaro" ko wani ɗan yankin da ba a faɗi sunansa ba, su ma suna kuskure, kuma kowace da ƙasar da ke biyanta. Su kuwa masu ɗauke da makamai, ƙari suke yi a sanarwarsu don su ja mabiya.

Saboda haka a ajiye ɗan littafi kusa da rediyon. A rubuta rana, da tashar, da adadin, da wanda tashar ta ce ya faɗa mata. A saurari Muryar Sahel, a saurari aƙalla biyu na waje. In biyun duk daga kamfanin dillancin labarai guda suka ɗauko, shaida ɗaya ke nan, ba biyu ba. A jira kwana uku kafin a riƙe wata lamba. A kuma sani cewa tun Yunin 2024 an dawo da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da aka ɗauka zai ta da hankalin jama'a ta intanet, don haka tura lambar da ba a tabbatar ba cikin guruf yana iya kai mutum gidan kaso. Ban da wannan ma, a cikin guruf ɗin akwai uwar da ɗanta ke can.

A kan ko yaƙin ya halatta, mai sauraro da kyau zai ga tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko, ko ya kamata a yi faɗan. Boko Haram ce ta auka wa Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairun 2015 kafin majalisar dokoki ta amince a tura sojoji 750 Najeriya. Mu a ganinmu kare garin da aka zo ƙonawa ba abin musu ba ne, kuma wanda ya faɗi a nan ya cancanci addu'a da girmamawa. Ta biyu ita ce yadda ake yin sa, kuma nan ne jama'a ke da cikakken haƙƙin tambaya. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna wajen miliyar 76 na sefa sun salwanta a cinikin kayan yaƙi, a shekarun da samarin sojoji ke mutuwa a bariki. A shekarar ce kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton gawarwakin fararen hula 71 a yankin Inates ta ɗora wa wasu masu kaki, ma'aikatar tsaro ta musanta. Tsohon shugaba Bazoum ya gwada sulhu da sakin wasu fursunoni, ga kuma cibiyar tubabbu ta Gudumariya. Sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023 sun ce taɓarɓarewar tsaro ce ta sa su, suka sallami Faransa a ƙarshen shekarar, Amurka ta bar Agadas a 2024, aka kafa ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso. Wanne ya rage makoki? Wanda aka cire wa wani abu a kuɗin waya don asusun ceton ƙasa, ko wanda ɗansa ke Tera, in ya yi wannan tambaya bai ci amanar kowa ba. Amsar kuwa ba ta samuwa sai da lambobin gaskiya na shekara da shekara, waɗanda ɗan littafin nan zai taimaka a tara.

Wajen saye, a kunna shi a gaban mai kanti. A buga lambar wata tasha a ga ko duk maɓallai suna amsawa, a zaro eriya gaba ɗaya a duba gindinta, a murza abin nema a hankali a ga ko lambobi na tafiya ɗaya bayan ɗaya, a buɗe baya a duba batirin. Kuɗinsa ya ninka na ƙananan rediyoyin allura sau da yawa, don haka ya fi dacewa 'yan fada su haɗa hannu su sayi guda, mutum ɗaya ya riƙa kula da caji da littafin. Malamin makaranta, ɗan jarida da gidan da ke da soja a bakin daga, su ma ba za su yi da-na-sani ba. Wanda labarin gari da sanarwar biki da rasuwa suka ishe shi, ƙaramin FM na jikka kaɗan zai yi masa.