Daga Liyon zuwa Garwa: a ajiye man keke tukuna

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna da yara suna lafiya. Ya zafin Garwa?

Ka ce in aiko maka da man da za ka zuba wa tsohon fiyanon da aka kawo shagonka, wanda maɓallansa ke nutsewa su ƙi tasowa. Don Allah ka ajiye gorar man keken ɗinki tukuna. Ni ma makona na farko a wurin maigidana, mai gyaran fiyano a nan Liyon ta Faransa, gwangwanin WD-40, man feshin nan na sakin tsatsa, na rarumo, tsohon ya doke mini hannu kamar yaro ya nufi garwashi.

Kowane ɗaya daga maɓallan nan 88 yana da 'yar gudumarsa mai bugun tsirkiya, ita kuma tana juyawa a kan siririn fil na ƙarfe da ke zaune cikin ramin katako mai shimfiɗar ulu. Da laima ta sauka, ulun ya kumbura ya shaƙe fil ɗin. Ka zuba masa mai, yau zai saki, nan da wata biyu ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Mu kuwa ƙurar hunturu ba sai an gayyace ta ba. Naka dai ina zargin laimar daminar bakin kogin Binuwai ce ta kama shi.

A nan akwai wani ruwa na Amurka, Protek CLP, da ake ɗigawa da sirinji, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, wato inda fil ɗin yake. Yana aiki, ba ƙarya. Amma maigidana ya fi yarda da dabarar da ta fi araha: alkol irin na kantin magani a sirka da ruwa kaɗan. Ulun zai ƙara kumbura, gaɓar ta daskare, har gabanka ya faɗi. Ka bar shi ya kwana. In ya bushe sai ya tsuke, fil ya samu sarari. Sai ka ciro guduma ɗaya, ka riƙe gindinta, ka sake ta ta yi lilo. In ta kai kamar shida kafin ta tsaya, ta warke. In ka ga koriyar tsatsa a jikin fil, wannan kam babu ruwan da zai raba ka da ita, sai canjin fil da ulu.

Kayan gyara dai a nan suna da su, ka yi oda a intanet, jibi yana ƙofarka. Kuɗin hannu ne bala'i. Mai gyara ya taka gidanka kawai ya daidaita sauti, wajen yuro 100 ne, sefa dubu 65 da ɗoriya. Kai da za ka wuni cikin injin mutum ya sallame ka da jaka biyu da "Allah ya saka"!

Ruwan Protek ɗin ban tabbata zai wuce a jakar jirgi ba, don haka filoli da ulu zan ba mai zuwa. Ka turo mini hoton gaɓar ta WhatsApp, kusa-kusa, da rana, in ga launin fil ɗin.

Ƙaninka.